Biyan Kuɗin Masauki da Hidimomi da Tsabar Kuɗi a Ƙasar Waje: Tambayoyi da Amsoshi

Mai zuwa hutu ƙasar waje da ya kama hayar gida ko ɗaki na 'yan kwanaki yakan tarar da mai gidan da ya fi son a ba shi kuɗi a hannu. Haka direban tasi, da mai yi wa baƙi jagora, da mai share gida. Biyan lakadan ba laifi ba ne, wani wurin ma shi kaɗai ke aiki. Matsalarsa ɗaya ce: da zarar kuɗin sun bar hannunka, babu bankin da zai dawo maka da su, babu kuma shaidar ka biya sai wadda ka nema da kanka. Amsoshin da ke ƙasa duk a kan wannan suka ginu.

Doka ta yarda in biya hayar masauki da tsabar kuɗi?

A yawancin ƙasashe ta yarda, amma da dama sun sa iyaka don toshe hanyar kauce wa haraji da halatta kuɗin haram. A Sifaniya, tun shekarar 2021 ba a biyan ɗan kasuwa Yuro 1,000 ko fiye a hannu, sai dai baƙon da ba mazaunin ƙasar ba an ɗaga masa iyakar zuwa Yuro 10,000. Tarar karya wannan doka kashi 25 cikin ɗari ce na kuɗin, kuma tana hawa kan mai bayarwa da mai karɓa duka. Faransa ma Yuro 1,000 ta yanka wa mazaunanta, ta sassauta wa baƙi. Italiya ta tsayar da tata a Yuro 5,000 tun watan Janairun 2023, Beljiyam 3,000, Girka kuwa 500 kacal. Jamus ba ta da iyaka a yanzu, amma daga watan Yulin 2027 Tarayyar Turai za ta fara aiki da iyakar bai-ɗaya ta Yuro 10,000. A Indiya haramun ne mutum ya karɓi rupee 200,000 ko fiye a hannu a kan ciniki ɗaya.

Kada ka ɗauka rarraba biyan zai fitar da kai. Idan hayar wata guda ta zarce iyaka, bayar da ita kashi uku bai canza komai ba, domin jimillar cinikin doka ke dubawa.

Nawa zan iya ɗauka in tsallaka iyaka da shi?

Mutane na yawan rikita abu biyu a nan. Adadin da ake ambata ba iyakar abin da za ka ɗauka ba ne, ma'aunin da idan ka kai shi dole ka sanar da kwastam ne. Mai shiga ko fita Tarayyar Turai da Yuro 10,000 ko fiye zai cike takardar sanarwa. A Amurka abin da ya haura dala 10,000 ne, ana cike fom mai lamba 105 na hukumar FinCEN. A Birtaniya fam 10,000 ne, kuma ana iya sanarwa ta intanet cikin sa'o'i 72 kafin tafiya. Kanada da Ostireliya kowace dala 10,000 ta ƙasarta, Japan yen miliyan ɗaya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa dirhami 60,000.

Ana haɗa duk kuɗin da ke jikinka ne a lissafa, ko na ƙasashe daban-daban ne, har da cakin matafiya. A Turai sulallan zinare da sandunansa ma suna cikin lissafi. A Amurka da Birtaniya, iyalin da ke tafiya tare ana tara abin da ke hannunsu gaba ɗaya, don haka raba wa mata da 'ya'ya ba dabara ba ce. Sanarwa kyauta ce, ba a cire maka ko sisi. Rashin yin ta ne ke jawo a riƙe kuɗin, a ci tara, wani lokaci jirgi ya tashi ya bar ka kana amsa tambayoyi. Ka riƙe rasit ɗin cire kuɗi daga banki ko na wurin canji, shi ne amsar tambayar "ina ka samo su?"

Na ga gida a manhaja, mai gidan ya ce in soke, zai yi mini ragi idan na biya shi a hannu. In yarda?

Shawararmu: kada ka yarda, musamman idan ba ka taɓa sauka a gidan ba. Dalilin tayin a fili yake. Manhajojin kama masauki suna cire la'ada da takan kai wajen kashi 15 cikin ɗari, mai gida kuma yana so ku raba wannan ribar. Sau da yawa ba shi da wata muguwar niyya. Amma ka dubi abin da kake sayarwa da wannan ragi.

A manhajar Airbnb, kuɗinka ba sa zuwa hannun mai gida nan take. Kamfanin yana riƙe su sai bayan ka shiga gidan, galibi da kamar yini ɗaya. Wannan jinkirin shi ne garkuwarka: idan ka isa ka tarar babu gidan, ko ba shi ne na hoto ba, ko ƙofa a kulle babu mai amsa waya, kuɗin suna nan inda za a iya mayar maka. Ƙa'idar kamfanin ta hana biyan haya a wajen manhaja, kuma wanda ya yi hakan ya fita daga kariyarsa, har asusunsa ana iya rufewa. Idan kuma da kati ka biya, kana da damar kai ƙara bankinka a janyo kuɗin idan ba a ba ka abin da ka saya ba. Tsabar kuɗi ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan.

Akwai wata ɓaraka da ba a cika lura da ita ba. Da ka soke, kwanakin sun koma a buɗe a manhaja, wani zai iya kama su da farashi mafi tsoka, kai kuma alkawarin baki kawai ke hannunka. Takardar tabbatar da masauki da ka soke ita ce kuma wadda jami'in shige da fice zai iya nema a filin jirgi, musamman a ƙasashen Turai na yankin Shengen. Araha ba ta ado.

Wannan daban yake da abin da ake gani a Booking.com, inda wasu masaukai ke rubuta ƙarara cewa a wurinsu ake biya, wasu ma tsabar kuɗi kaɗai suke karɓa. A nan kamun yana nan a rubuce, da lamba, da farashi, da sharuɗɗan sokewa. Wannan biyan hannu ne da bai raba ka da shaida ba.

An ce in turo kafin alƙalami tun ina gida. Ta wace hanya?

Ba a cinikin biri a sama. Duk wanda ya nemi ka tura kuɗi ta Western Union ko MoneyGram, ko ka sayi katin kyauta ka aiko masa da lambar, ko ka biya da kuɗin kirifto, a kan gidan da ba ka gani ba, ka rabu da shi. An yi waɗancan hanyoyin tura kuɗi ne don aika wa wanda ka sani, kuma da an karɓa shi ke nan. 'Yan damfara sukan kwashi hotunan gida na gaske daga wani shafi, su sa farashi mai sauƙi, su ce mai gidan ya yi tafiya, za a aiko da makulli bayan an biya, kuma wasu mutum biyu na jira don haka ka hanzarta. Gaggawa ita ce alamar farko.

Kafin alƙalami na gaskiya yakan tsaya tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, ana biyansa da kati ko ta banki zuwa asusu mai sunan da ya yi daidai da na yarjejeniya. Kafin ka tura, nemi cikakken adireshi ka duba shi a taswira, ka nemi a kira ka ta bidiyo daga cikin gidan a nuna maka tagar da ke kallon titi. Ka tambayi lambar rajista: Fotugal, da Italiya, da birane kamar Paris da Basalona da New York duk suna tilasta wa masu ba da hayar gajeren lokaci yin rajista.

Idan Faransa za ka, ka lura da kalmar da aka rubuta a takarda. In an ce arrhes, kana iya fasawa ka yi asarar abin da ka bayar, idan kuma mai gida ne ya fasa zai mayar maka ninki biyu. In an ce acompte, ciniki ya faɗa, ana iya bin ka cikon kuɗin ko ba ka je ba.

Na isa. Yaya zan miƙa kuɗin?

Kuɗi su ne na ƙarshe. Ka fara shiga da kanka da makullin da aka ba ka, ka tabbatar yana buɗe ƙofar ɗaki da ta waje. Ka kunna famfo ka jira ruwan zafi ya zo, ka ja ruwan bayan gida, ka gwada na'urar sanyaya ɗaki ko ta ɗumamawa, da murhu, da firiji, ka haɗa wayarka da intanet ɗin gidan. Ɗaga zanen gado ka duba ɗinkin katifa: ɗigo-ɗigon baƙi a gefe alamar kuɗin cizo ce. Wannan duka bai wuce minti goma ba.

Sannan ka tabbatar wanda ke gabanka shi ne mai karɓa. Idan yaron gida ko dillali aka turo, sai mai gidan ya rubuto maka saƙo da sunan wanda ya wakilta. Ka ware kuɗin hayar a ambulan tun kafin ka iso, don kada ka zaro damin kuɗinka duka a gaban mutane. Ka ƙirga a bayyane a kan tebur, takarda bayan takarda, shi ma ya ƙirga a gabanka, kada ya shiga wani ɗaki da su ya dawo ya ce ba su cika ba. Rasit ya shigo hannunka a zaman nan, ba gobe ba.

Idan zaman ya kai wata ɗaya ko fiye, ka nemi a riƙa biya mako-mako ko rabi-rabi. Mai gidan da ya riga ya karɓe komai ba ya saurin zuwa gyaran famfo.

Me ya kamata rasit ya ƙunsa?

Sunan mai karɓa da sa hannunsa, sunanka, adireshin gidan, ranar shiga da ta fita, adadin kuɗi da lambobi da kuma kalmomi, nau'in kuɗin, abin da aka biya da abin da ya rage. A fayyace ko kuɗin wuta, da na shara, da harajin baƙi suna ciki. Takardar littafi da aka rubuta da biro ta wadatar. Ka ɗauki hotonta nan take, sannan ka tura wa mai gidan saƙo kamar haka: "Na ba ka Yuro 600 yau, hayar kwana 7, babu saura." Amsarsa ta "na karɓa" shaida ce ta biyu mai ɗauke da rana da lokaci. Wanda ya ƙi ba da rasit ya nuna maka yadda zai yi idan rigima ta taso.

Kuɗin jingina na ɓarna fa?

A nan ne aka fi samun saɓani, domin ranar fita kana sauri, jirgi ba ya jira, mai gida kuma ya san haka. Idan da hali, a riƙe jinginar a kan kati maimakon a hannu. Idan dole sai tsaba, a rubuta mata rasit nata daban, da ranar da za a mayar da ita da sharuɗɗan cirewa. Ranar shiga ka ɗauki bidiyon gidan ɗaki-ɗaki, ka matso da kyamara kan duk tabo a kujera, tsagewar tayil, kofin da ya fashe, ka tura wa mai gida a ranar. Idan kai ke biyan wuta, ɗauki hoton mita. Ka sa lokacin duba gida aƙalla sa'o'i biyu kafin ka kama hanyar filin jirgi, a mayar maka da kuɗinka hannu da hannu. "Zan turo maka daga baya" yana nufin kuɗin tura kuɗi da asarar canji a kanka, in ma an turo.

Mai gida ya nemi fasfo ɗina. Daidai ne?

Dubawa da rubuta bayanai daidai ne. A Italiya doka ta wajabta wa mai masauki ya kai wa 'yan sanda bayanan baƙo cikin sa'o'i 24, Sifaniya ma tana da irin wannan. Amma fasfo ba abin jingina ba ne. A duba a gabanka a mayar maka.

Da wane kuɗi zan biya, kuma waɗanne takardu zan riƙe?

Ka biya da kuɗin da aka yi ciniki da shi. Idan an faɗi farashi da kuɗin ƙasar kai kuma ka miƙa dala, mai karɓa ne zai yanka farashin canji, kuma ba zai yanka don amfaninka ba. In dole ne, ku amince da farashin a rubuce tun kafin ranar.

Yanayin takarda na da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A ƙasashe da yawa na Asiya da Afirka da Kudancin Amurka, 'yan canji na ƙin dalar da ta yage, ko aka yi rubutu a kanta, ko tsohon bugu, ko da yake a Amurka duk suna aiki. 'Yar ɗari mai shuɗin zare a tsakiya, wadda ta fito a watan Oktoban 2013, ita aka fi karɓa ba musu, kuma wasu wuraren sun fi ba da farashi mai kyau a kan 'yan hamsin da 'yan ɗari fiye da ƙanana. An daina fitar da takardar Yuro 500 tun 2019. Har yanzu halattacciya ce, amma da wuya kanti ya karɓe ta, 'yar 200 ma ana ɗari-ɗari da ita. Tsofaffin fam 20 da 50 na takarda sun daina aiki a kasuwar Birtaniya bayan 30 ga Satumban 2022, tsofaffin takardun faran, kuɗin Suwizalan, kuma tun Afrilun 2021. Wanda ya ajiye ragowar wata tsohuwar tafiya ya duba kafin ya dogara da ita.

Don hidimomin yau da kullum, ƙananan takardu ne abokan tafiya. "Babu canji" tsohuwar hanya ce ta cinye ragowar baƙo.

Ina ya fi dacewa in samu kuɗin ƙasar?

Galibi na'urar ATM ta banki, wadda ke cikin reshe ko jikin bangonsa, da rana, domin idan ta haɗiye kati akwai wanda za ka yi wa magana. Idan na'urar ta tambaye ka ko ta canza maka zuwa kuɗin katinka, ka ƙi, ka zaɓi a cire da kuɗin ƙasar da kake. Wannan tayin yana zuwa da farashin canji na mai na'urar, wanda kusan kullum ya fi na bankinka tsada. Haka ma a na'urar biya ta kanti. Ka san iyakar cirewa ta yini a katinka: idan haya ta fi ta, ka fara cirewa kwana biyu ko uku kafin ranar biya.

Wuraren canji na filin jirgi sun fi ko'ina tsada, ka canza na tasi da abincin yini ɗaya kawai. A cikin gari, kada allon "babu la'ada" ya ɗauke maka hankali, ribar tana cikin tazarar farashin saye da na sayarwa. Tambaya ɗaya za ka yi kafin ka miƙa komai: "Idan na ba ka 200, nawa zan karɓa a hannu?" Canjin bakin titi kuwa, ban da haɗarin jabu da naɗe takardu a ƙirga sau biyu, laifi ne a ƙasashe da dama.

Yaya zan gane jabu?

Taɓa, ɗaga, karkata. Takardar Yuro tana da kauri da ƙara, kuma akwai layuka masu tudu a gefenta da yatsa ke ji. Ɗaga ta ga haske, za ka ga hoton fuska a ɓoye da zare mai duhu. Karkata ta, lambar da ke ƙasa ta hagu za ta sauya daga kore zuwa shuɗi. A 'yar ɗarin dala, shuɗin zaren a saƙe yake cikin takardar, ba bugawa aka yi a kai ba, ƙararrawar da ke cikin hoton kwalbar tawada kuma tana juyawa daga ruwan tagulla zuwa kore. Akwai kuma dabarar musanya: ka ba da 50, a juya baya a nuno maka 5 a ce ita ka bayar. Maganinta ka faɗi adadin da baki lokacin da kake miƙawa.

Tasi, jagora, tukuici da hayar mota fa?

A tasi, ko dai a kunna mita ko a gama ciniki kafin ka sa jaka a but, a kuma fayyace farashin na mota ne ko na kowane mutum. Ka biya bayan kayanka sun sauka. Mai jagora ko mai kwalekwale a ba shi ɗan kafin alƙalami, ciko bayan an dawo. Tukuici ya danganta da wuri: a gidajen abinci na Amurka ana sa ran kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, a Japan kuwa ba a bayarwa sam, ana iya biyo ka da kuɗin a ɗauka mantawa ka yi.

Hayar mota ita ce inda tsaba ba ta cika aiki ba. Manyan kamfanoni na neman katin bashi mai sunan direba don riƙe jingina. Wasu ƙasashen ma sun yi nisa da barin takardar kuɗi: a Suwidin akwai shaguna da motocin haya da ba sa karɓa, a Sin kuma kusan komai da manhajar waya ta Alipay ko WeChat Pay ake biya. A Jamus da Japan akasin haka ne, ƙananan wurare da yawa har yanzu sun fi son kuɗi a hannu.

An nemi in biya harajin baƙi a hannu bayan na gama biya ta intanet. Cuta ce?

Ba lallai ba. Birane da yawa a Italiya, Faransa, Sifaniya da wasunsu suna karɓar haraji a kan kowane baƙo kowane dare, wasu masu gida kuma a hannu suke tarawa. A Amsterdam ya kai kashi 12.5 cikin ɗari na kuɗin ɗaki tun 2024. Abin dubawa shi ne ko an ambace shi a tallar gidan, ko manhajar ta riga ta cire shi a lissafinka, da kuma ko adadin ya yi daidai da wanda ke shafin hukumar birnin. A ba ka rasit a kansa shi ma.

Yaya zan adana kuɗin, kuma idan aka sace fa?

Raba su gida uku: na kashewa a yini a aljihun gaba, babban kaso a lalitar da ake ɗaurawa a ƙarƙashin riga, ɗan na ko-ta-kwana tare da kati na biyu a wani wuri daban. Kada kuɗi su shiga jakar da za a auna a tura cikin jirgi. A gidan haya ka tuna ba kai kaɗai ke da makulli ba, akwai mai gida da mai shara, don haka akwatin ƙarfe mai lamba ya fi ƙarƙashin katifa, muddin ka sauya lambar da kanka.

Idan an yi sata, je ofishin 'yan sanda a ranar ka karɓi rahoto a rubuce. Yawancin kamfanonin inshorar tafiya suna neman a kai rahoto cikin sa'o'i 24, suna neman shaidar cire kuɗin, kuma abin da suke biya a kan tsaba kaɗan ne, yana rubuce a takardar inshorar. Ofishin jakadanci zai taimaka da takardar tafiya idan fasfo ya ɓata, amma ba ya mayar da kuɗin da aka sace.

Ragowar kuɗin ƙasar da suka rage a hannuna fa?

Sulalla ba sa canzuwa a waje, ka kashe su kafin ka tashi. Wasu kuɗaɗen ma ba a yarda a fita da su ba: Tunisiya ta hana fitar da dinarinta, Maroko kuma ɗan kaɗan ta yarda a fita da shi na dirhaminta. A irin waɗannan ƙasashe ana iya neman rasit ɗin canjin farko kafin a mayar maka da ragowar zuwa Yuro ko dala, don haka ka ajiye shi tare da fasfo har ranar tafiya, ka kuma yi canjin kafin ka wuce wurin binciken fasfo.